Zafin Injin Jirgin Sama

Duk yaron da ya taɓa zama a bakin maƙera ya san abu biyu. Na fari, wuta ba ta yin ƙarfi sai da iska, shi ya sa ake sa yaron maƙeri ya yi ta zuga. Na biyu, kome taurin ƙarfe, in ya daɗe cikin wuta sai ya yi ja, ya yi laushi, har maƙeri ya lanƙwasa shi yadda ya ga dama. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka fi damun masu ƙera injin jirgin sama, tun ran da aka fara ƙera shi har yau.

Manyan jiragen da ke ɗaukar alhazai daga Kano ko Sakkwato zuwa Jidda ba su da farfela a goshi irin ta jiragen da. Injinsu ana ce da shi jet. Ana ganinsa rataye a kowane gefe na jirgin, kamar ƙatuwar ganga mai buɗaɗɗen baki. A bakin nan akwai wata babbar fanka mai zuƙo iska. Yawancin iskar sai fankar ta tura ta baya da ƙarfi, shi ke sa jirgin ya yi gaba. Sauran kuwa sai ta shiga can cikin injin, inda waɗansu ƙananan fankoki suke jere, wata bayan wata. Kowace ta karɓi iskar sai ta daɗa matse ta, ta miƙa wa ta bayanta, har ƙarfin matsin ya ninka wajen sau 40. Wanda ya taɓa hura tayar keke ya san famfo yakan yi zafi a hannu. Haka iska take, in an matse ta sai ta yi zafi. Kafin wannan ta kai ƙarshen jerin fankokin, zafinta ya wuce digiri 600. Ku tuna a digiri 100 ruwa yake tafasa.

Daga nan iskar sai ta faɗa wani ɗaki, wanda shi ne murhun injin. A nan ake fesa mata kananzir, ta kama da wuta, ta kumbura, ta nemi hanyar fita. Ba ta da hanya sai ta baya, a kan hanyar kuwa an gitta mata wata fanka dabam. Wannan ba ita ke kaɗa iska ba, iska ce ke kaɗa ta. Akwai sandar ƙarfe da ta haɗa ta da fankokin gaba, saboda haka in ta juya su ma sai su juya. Watau fankar baya ita ce jakin injin. Ita ke ɗauke da wahalar duka, kuma ita ce a bakin wuta.

Fikafikan wannan fanka ƙanana ne, kowane ɗaya bai fi tafin hannun babban mutum ba. A manyan injuna akan jera fiye da 60 kewaye da faifai guda. Sa'ad da jirgi zai tashi, iskar da ke dukansu zafinta yakan kai digiri 1,600. Ƙarfen da aka yi su da shi kuwa yakan fara narkewa tun wajen digiri 1,300 da ɗoriya. Ku lura da wannan da kyau. Fiffiken yana zaune ne cikin wutar da ta isa ta narkar da shi, amma ba ya narkewa. Yakan yi shekaru yana aiki, jirgi ya je Makka ya komo, ya je Landan ya komo.

Wani zai ce, to, me ya hana a rage wutar kowa ya huta? Tun cikin shekara ta 1824 wani Bafaranshe mai suna Sadi Carnot ya nuna cewa duk injin da ke aiki da wuta, gwargwadon zafin wutarsa gwargwadon ƙarfin da zai fitar daga man da ya sha. In an rage zafi, sai inji ya zama rago, ga shan mai. Kuɗin jirgi ya hau, tafiya mai nisa ta gagara sai an sauka a hanya an sha mai. Don haka masu ƙira kullum ƙarin zafi suke nema, ƙarfe kuwa yana da iyakar da zai jure.

Ɗaya daga cikin mutanen da suka fara karo da wannan matsala a Ingila sunansa Frank Whittle. An haife shi cikin 1907. Yana yaro ya nemi shiga rundunar sojan sama aka ƙi shi, wai ya yi ƙanƙanta, amma bai daina nema ba sai da aka ɗauke shi cikin 1923. Cikin 1930 ya sa aka rubuta masa takardar shaidar cewa shi ya ƙago injin jet. Manya na lokacin ba su kula shi ba, ɗaya daga cikin dalilansu kuwa shi ne babu ƙarfen da zai iya jure irin zafin da yake nufi. Ba za a ce sun yi wauta ba, gama a ran nan ƙarfen bai samu ba tukuna. Da lokacin sabunta takardar ya yi cikin 1935, fam 5 ɗin da zai biya ta gagare shi. A sa'an nan yana karatu a jami'ar Kembirij, inda ya ƙware ga lissafi da ilmin injuna. Ran 12 ga Afrilu 1937 aka ta da injinsa na fari a garin Rugby. Injin ya ɗauki gudu da ƙara, ya ƙi jin linzami, har ma'aikatan da ke wurin suka watse. Sai ran 15 ga Mayu 1941 jirgi ya tashi da injin Whittle.

Amma Jamusawa sun riga shi tashi. Wani saurayi mai suna Hans von Ohain, wanda ya yi karatu a jami'ar Gotingen, shi ma ya ƙago irin wannan inji, jirginsa ya tashi ran 27 ga Agusta 1939. Cikin yaƙin duniya na biyu Jamus ta ƙera injunan jet da yawa, sai dai ba ta da isasshen nikel, wani farin ƙarfe mai jure wuta ƙwarai. Saboda haka injinsu da ƙyar yake yin awa 25 a sama kafin a sauke shi. Rashi kuwa shi ya koya musu dabara. Suka riƙa yin fikafikan fankar baya da rami a ciki, suna hura iska ta ramin don ta rage musu zafi. Mutanen Ingila su kuma suka bi ta wajen ƙarfe, suka gauraya nikel da waɗansu ƙarafa, suka sami wanda ya fi ƙarfen da juriya. A zamanin nan zafin iskar da ke dukan fiffike bai fi wajen digiri 800 ba, watau rabin na yau.

Kafin a iya ninka wannan zafi, sai da aka san yadda zafi yake tafiya. Wannan kuwa aikin malaman jami'a ne. Jami'a ba wurin koyar da abin da aka riga aka sani kaɗai ba ce. Malamanta da manyan almajiransu sukan kashe shekaru suna binciken abin da ba wanda ya sani tukuna, suna gwadawa, suna aunawa, suna rubutawa.

Zafi yana bin jikin abu, kamar yadda cokalin da aka bari cikin shayi yakan yi zafi har wutsiya. Yana kuma ratsa sarari, kamar ɗumin da mai jin sanyi yake samu a gefen wuta da hunturu. Amma hanyar da ta fi ba masana wahala ita ce ta uku, watau yadda iska mai tafiya take kawo zafi ko ta kwashe shi. Cikin 1904 wani malami Bajamushe, Ludwig Prandtl, wanda ya daɗe yana koyarwa a Gotingen, ya bayyana wani abu mai ban mamaki. Ya nuna cewa in iska tana wucewa ta jikin abu, akwai wata 'yar siririyar iska da ke manne da jikin, ba ta gudu kamar sauran. Tana nan kamar riga. Wannan riga ita ke tsakanin abu da iskar waje, kuma sai zafi ya ratsa ta kafin ya shiga ko ya fita. Yaron da ke hura koko don ya huce, rigar nan yake yayewa, ko da bai sani ba. Iska mai ɗumi da ta kwanta bisa kokon ita yake kora, sabuwa ta zo ta ɗebi zafi.

Da masana suka gane haka sai suka ce, ashe ana iya ɗinka wa fiffike riga da gangan. Ga yadda ake yi. Ana ɗiban iska daga fankokin gaba tun ba ta shiga murhu ba, a bi da ita ta ƙarƙashi, a shigar da ita cikin fiffike ta gindinsa. A cikin fiffiken akwai hanyoyi masu kwana-kwana kamar lungunan tsohon gari. An yi wa bangayen hanyoyin 'yan kunyoyi don iskar ta riƙa tuntuɓe tana birkicewa, gama iskar da ta birkice ta fi kwasar zafi. Bayan ta gama zagayen sai ta fito ta waɗansu 'yan ƙofofi masu yawa da aka huda a jikin fiffiken, kowace kamar an soka allura. In ta fito sai ta kwanta bisa ƙarfen, ta lulluɓe shi, iskar wuta ta wuce ta kanta.

Iskar nan da ake kira mai sanyi, kada ku manta, zafinta ya wuce digiri 600. Dalma tana narkewa a digiri 327. Watau da iskar da za ta mai da dalma ruwa ake yi wa fiffike fifita. Amma ga wanda ke cikin 1,600, ai 600 inuwa ce.

Faɗin dabarar ba wuya, yinta ne aiki. In iskar ta fito a hankali ƙwarai, ba ta isa ta rufe ƙarfen ba. In ta fito da ƙarfi, sai ta yi tsalle ta bar jikin fiffiken, wuta ta zagayo ta ƙarƙashinta. In an huda ƙofofi da yawa, fiffike ya yi rauni. Har wa yau iskar ba kyauta ba ce, gama injin ya sha wahala kafin ya matse ta, kuma duk wadda aka ɗiba don fifita ba ta shiga murhu ba. A injunan yanzu abin da ake ɗiba yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na iskar da ta shiga cikin injin. Saboda haka dole a san inda za a huda kowace ƙofa, da faɗinta, da karkatarta. Kuskure kaɗan ya isa ɓarna, domin in wani gefe na fiffike ya fi yadda aka nufa zafi da 'yan digirori goma-goma, kwanansa yana iya raguwa da rabi.

To, yaya za a auna zafin abin da ke cikin wuta, yana kuma juyawa fiye da sau 10,000 a minti guda? Ba mai iya sa hannu, ba mai iya leƙawa. A nan ne malaman jami'ar Okisfod ta Ingila suka yi suna. Jami'ar ta sami wani tsohon gidan wutar lantarki a unguwar Osney, a bakin kogi, ta mai da shi ɗakin gwaji. Waɗansu malamai biyu, Donald Schultz da Terry Jones, suka lura cewa ba lalle sai an hura wuta ta awa da awa ba kafin a auna. Cikin shekarun 1970 suka shirya wani dogon bututu mai toshiya a ciki, irin ta famfon keke. In an tura toshiyar sai ta matse iska ta yi zafi, sa'an nan a buɗe mata ƙofa farat ɗaya, ta bi ta kan fikafikan gwaji. Gwajin duka ba ya kai daƙiƙa guda. Kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu an gama.

Abin aunawarsu shi ma abin kallo ne. Sukan shafa wani ƙarfe mai tsada da ake kira filatinam a jikin fiffiken gwaji, zane siriri wanda bai kai kaurin gashi ba, su haɗa shi da waya. In zanen ya ɗumama ko da kaɗan, wutar lantarkin da ke binsa sai ta sāke, na'ura kuwa ta rubuta. Da haka suke sanin yawan zafin da ke shiga kowane gefe na fiffike. Wannan dabara ta rage kuɗi ƙwarai, gama wutar da za a ƙone cikin gwaji guda na ainihin inji ta isa a yi ɗaruruwan irin wannan.

Don ganin abin da ke faruwa cikin lungunan fiffike kuma, sai suka sassaƙa irinsu da roba mai haske kamar gilashi, suka girmama su ninki da yawa har mutum ya iya gani sosai. Suka shafe cikin da wani fenti mai halin hawainiya, wanda launinsa yakan sāke in ya kai wani zafi. Sai a saki iska mai ɗumi ta bi lungunan, a kafa na'urar ɗaukar hoto. Inda launi ya riga juyawa, nan zafi ya fi saurin shiga. Inda ya yi jinkiri, nan iska take lalaci, sai a gyara kwanar ko a ƙara kunya. Almajiri guda yakan kashe shekara uku ko huɗu a kan siffar ƙofa ɗaya ko lungu ɗaya kafin a ba shi babbar takardar shaida. Mai gaggawa ba ya wannan aiki.

Kamfanin Rolls-Royce mai ƙera injunan jirage ya ga amfanin abin, har cikin 1990 ya fara kafa cibiyoyin bincike a cikin jami'o'i, Okisfod na cikin na farko. Kamfani ya kawo tambaya da kuɗi, malamai su nemo amsa. A Kembirij ma akwai ɗakin gwaji mai sunan Whittle, wanda aka buɗe cikin 1973. Akwai irinsu a Amurka da Jamus da waɗansu ƙasashe. Yanzu ana sa kwamfuta ta lissafa tafiyar iska tun ba a sassaƙa kome ba, amma duk da haka sai an gwada an gani kafin a amince da lissafinta.

Masu ilmin ƙarfe su ma ba su zauna ba. Fiffike ba zafi kaɗai yake sha ba. In yaro ya ɗaura dutse a igiya yana wulwulawa, zai ji dutsen yana jan hannunsa. Haka juyi yake jan kowane fiffike, da ƙarfin da ya fi nauyin tan 10. Ƙarfe mai zafi kuwa in ana jansa yakan miƙe a hankali kamar alewa. In an duba ƙarfe da madubin ƙara girma, za a ga ashe ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kuma daga mahaɗinsu tsagewa take farawa, kamar yadda bango yakan tsage ta tsakanin tubali da tubali. Cikin shekarun 1960 wani masani na kamfanin Pratt & Whitney a Amurka, Frank VerSnyder, ya sami hanyar sa ƙwayoyin su miƙe dogwaye daga gindin fiffike zuwa kansa. Daga baya aka kai ga yin fiffike duka da ƙwaya guda tak, ba mahaɗi ko ɗaya. A farkon shekarun 1980 jiragen fasinja suka fara tashi da irinsa.

Yadda ake zuba fiffiken kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, gama ita ce dabarar da maƙeran tagulla na Ife da Binin suka yi aiki da ita tun ɗaruruwan shekaru. Akan fara gina siffar lungunan ciki da wani irin farin yumɓu. A lulluɓe ta da kaki, a ba shi siffar fiffike. Sa'an nan a yi ta tsoma shi cikin kunun yumɓu ana shanyawa har ya yi ɓawo mai kauri. A narkar da kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. A ƙarƙashin mazubin akwai wata 'yar murɗaɗɗiyar kafa. Ƙarfen yana fara daskarewa daga ƙasa, ƙwayoyi da yawa su taso suna tsere, amma guda ɗaya kaɗai ke iya ratsa murɗin, ita ce za ta yi ta girma har ta cika mazubin. In ya huce a fasa ɓawon, a narkar da yumɓun ciki da ruwan magani mai ƙarfi, sai ga lunguna sun bayyana. Bayan an huda ƙofofin iska, akan yi masa shafe da wani irin yumɓu wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Kowace mace ta san tukunyar ƙasa ta fi ta ƙarfe jinkirin ɗaukar zafi.

Duk da wannan ƙoƙari, akwai abokin gāba guda da har yanzu ba a gama da shi ba, shi ne ƙura. Injin yana zuƙar duk abin da ke cikin iska. Rairayi mai laushi in ya ratsa murhu yakan narke, ya manne a jikin fiffike kamar gilashi, ya ci shafen yumɓun, ko ya toshe 'yan ƙofofin nan. Ƙofa kuwa in ta toshe, rigar iska ta yage a wurin. Cikin 1982 wani babban jirgin fasinja ya shiga cikin tokar dutse mai aman wuta a sararin Indunusiya da dare, injunansa huɗu duka suka mutu. Sai da ya gangaro ƙasa-ƙasa ya fita daga tokar kāna matuƙan suka iya ta da su, aka sauka lafiya. Cikin Afrilu 2010 kuma wani dutse ya yi aman wuta a tsibirin Aisilan, aka hana jirage tashi a yawancin Turai wajen kwana shida.

Ƙurar Sahara, wadda takan rufe sararin ƙasar Hausa da hunturu, ba ta kashe inji nan take kamar toka, amma tana cinsa a hankali. Injunan jiragen da ke yawan sauka da tashi a ƙasashen hamada sukan riga na sauran wurare komawa wurin gyara. Saboda haka a ɗakunan gwajin jami'o'i yanzu akwai masu auna ƙura cokali-cokali, suna zuba ta cikin iska mai zafi, suna duban inda take maƙalewa a lungunan fiffike. A filin jirgi kuma makanikai suna da wani siririn bututu mai fitila da ido a kansa. Sukan zura shi ta wata 'yar kafa a jikin injin, su juya fankar a hankali, su duba fikafikan ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda ƙofofinsa suka toshe ko shafensa ya ɓare.